Abin da Takaba Ta Tono a Fuskar Balki

Da sunan Allah da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Sunana Zuwaira, ɗinki nake yi a Sabon Maci, wannan kuma labarin jinyar ƙanwata Balki ne da ke aure a Dakoro. Sai da ta ja mini rai kafin ta yarda in faɗa. Na rubuta shi saboda mata masu shafa man ƙara haske, da kuma tsofaffinmu masu ɗaure kayan shafar mace ranar da mijinta ya rasu, ba tare da sun san abin da suke ɗaurewa ba.

Ƙurajen fuska ne, ba wata cuta mai dogon suna ba. Na san akwai wadda za ta taɓe baki ta ce ƙuraje ma har da jinya? Da ba a gabana aka yi ba, ni ma haka zan ce. Amma waɗannan ƙurajen sun kusa raba uwa da ƴarta.

Ni da Balki uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma dukanmu baƙaƙe aka haife mu, irin mahaifinmu. Bayan ta auri Isufu, direban da ke jigilar kaya tsakanin Dakoro da Maradi, sai ta fara haske a hankali. In na zo ganinta nakan tsokane ta in ce, “Balki, ruwan Dakoro ne haka, ko in kawo jarka in ɗiba?” Sai ta yi dariya ta kawo wani zance. Da tafiya ta yi nisa, mutanen unguwarsu fara suka san ta. Ƴarta guda, Nana, mai shekara bakwai, ta fito baƙa sitik. Mata kuwa ba sa gajiya da faɗa a gaban yarinyar: “Kai, wagga ba ta biyo uwarta ba, an yi asara.” Nana tana ji, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da wasanta.

Cikin zafin bazara motar Isufu ta kife a hanyar dawowa daga Maradi. Ko asibiti bai kai ba. A ranar na iso Dakoro, don ni zan taya Balki zaman takaba. Mahaifiyarsa, Hajiya Dije, ta iso daga Korahane tare da ƙaninsa Sale da matar Salen. Ana dawowa daga maƙabarta Hajiya ta shiga ɗakin Balki ta yi abin da kowace babba take yi: ta tattara turare da kwalli da jan baki da duk wani mai da ke kan tebur, ta ƙulle su a tsohon zane, ta jefa saman almuwar, wato kabad ɗin kaya. Sabulun salo kawai ta bar mata. Ban ga laifinta ba, haka muka tashi muka ga ana yi.

Makon farko ba wanda ya kula da fuskar kowa, kuka ake yi. Wajen sadakar bakwai Balki ta fara cewa fuskarta na yi mata raɗaɗi kamar an shafa mata barkono. Na duba, ta yi ja, ta ɗan kumbura. Na ce kuka ne da zafin gari. Mako na biyu ƙananan ƙuraje suka feso a goshi da kumatu. Kafin na uku ya ƙare manya sun fito, masu zurfi, masu ruwa, sun bi haɓa da muƙamuƙi sun gangara wuya, wasu har ƙirji da baya. In ta kai goshi ƙasa a sallah sai na ji ta ja numfashi. Kullum da safe sai na wanke rigar matashi.

Gidan makoki ba ya rasa likitoci. Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta bar mana magani kafin ta ɗauki takalmi. Wata ta ce lemon tsami da kanwa. Wata ta ce man goge haƙora, a bar shi ya bushe. Aka ce a dafa ganyen bedi, wato dogon yaro, ta yi surace, aka ce ta bar ƙuli da duk abin da gyaɗa ta taɓa. Wata maƙwabciya ƴar Azagor, mutuniyar kirki, ta kawo man shanu cikin ƙwarya ta ce a lafta mata. Gwaggonmu kuwa da ta zo, zaunar da ita ta yi ta sa farce tana matsewa, wai sai mugun ruwan ya fita. Duk an yi, don mai ciwo ba ya raina magani. Lemon tsami da kanwar nan sun ɗaye mata fatar kunci ɗaya, har yau tabon yana nan.

Sai magana ta sauya. Wata a cikin maƙwabta ta kai wa Hajiya labarin cewa ranar da Isufu zai yi tafiyarsa ta ƙarshe an ji muryoyinsu sama-sama, har ya fita bai karya ba. Wane gida ne ba a sa-in-sa? Amma Hajiya uwa ce da aka kawo mata gawar ɗa, tana neman inda za ta ajiye zafin. Ranar sadakar arba'in, gaban dangi, ta dubi Balki ta ce:

“Ni dai tun da nike ban taɓa ganin ƙurajen balaga ga mace mai ɗiya ba. Wanga hakkin ɗana ne ya hito mata ga huska. Takwarata za ta bi ni Korahane, kada a shahwa mata. In huska ta warke, a yi magana. In ba ta warke ba, Allah ya nuna ma kowa.”

Sunan Hajiya aka sa wa Nana, shi ya sa take ce mata takwara. Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta take mini ƙafa. Na dubi Balki ina jiran ta ce wani abu. Ina! Nana ƴar fari ce, ko sunanta Balki ba ta kamawa, “yarinyar nan” take cewa, balle ta tsaya gaban uwar miji ta ce a bar mata ita. Yarinyar ta riƙe ƙyauren ɗaki tana kiran Inna, Inna, ita kuwa Inna ta juya fuska ga bango. Sale ya ɓamɓare hannun ya ɗora ta a mota. Ko hutun lekwal, wato makaranta, ba a bari ta kai ba.

Daga ranar Balki ta bar cin abinci sai na yi da gaske, barci ma ya ƙaurace mata. Ƙurajen kamar jira suke, suka ninka. Wani abu kuma ya ƙaru: fatar ta fara yin dabbare-dabbare, nan baƙi, nan ja, nan fari. Ta daina fitowa tsakar gida in an yi sallama. Ni kuwa tsoro ya kama ni, ba na ƙurajen ba, na yadda take zama shiru tana kallon tabarmar da Nana ke kwana.

Na ce sai asibiti. Sale, wanda Hajiya ta bari ya kula da gidan, ya ce mai takaba ba ta fita. Na yafa mayafi na tafi wurin limamin unguwa, Allah ya saka masa, ya ce lalura ta halatta, ta je da rana ta dawo da rana. Sale ya ce to, amma da shi za a je. Tun da hantsi muka kama layi a asibitin garin, ba mu ga majo ba, wato babban ma'aikacin jinyar, sai da aka kira azahar. Ya duba ta da kyau, ya tambaya, “Kina shafa wani mai?”

Sale yana tsaye bakin ƙofa da hannu a aljihu. Balki ta ce, “A'a.”

Ba ƙarya ta yi ba, a lokacin ba ta shafa komai. Majo ya rubuta ƙwayoyi da wani man shafawa. Kafin mu kai gida Sale ya buga wa Hajiya, saƙo ya dawo cewa ƙwaya dai ta sha, amma shafa abu a fuska cikin takaba kwalliya ce, ba a gidan ɗanta ba. Ƙwayoyin suka ɗan kwantar da masu ruwan, suna ƙarewa komai ya dawo.

Ruwan farko ne ya cece mu. Ana yin sa Sale ya kwashi matarsa suka koma Korahane shuka. Na sayar da ƙaramin keken ɗinkina da na zo da shi, na nemi izinin maigidana ta waya, muka shiga motar Maradi da sassafe, Balki ta rufe fuska da mayafi sai ido. A can aka nuna mana inda likitar fata take gani. Layin nan kusan duk mata ne, kuma da yawansu sun rufe fuska kamar Balki. Ba wadda ke kallon ƴar'uwarta.

Likitar mace ce, ba ta da yawan fara'a. Ba fuskar ta fara dubawa ba. Hannun Balki ta kama ta juya, ta ga gaɓoɓin yatsu baƙaƙe ƙirin a jikin farin hannu. Ta ɗaga hannun riga ta ga nankarwa ta tsattsaga damtse. Sannan ta dube ni ta dube ta, ta ce, “Yayarki ce?” Aka ce e. Ta ce, “Shekara nawa kika yi kina shafawa?”

Ba ta ce kina shafawa ko ba ki shafawa ba. Balki ta fashe da kuka ta ce tara.

“Yaushe kika bari?”

“Ranar da ya rasu.”

Likitar ta ajiye biro. Ta ce irin waɗannan mayukan akwai wani magani mai ƙarfi a ciki, kortikoyid, kalmar da na yi ta maimaitawa a mota don kada ta ɓace mini. Ta ce shi kansa yana haifar da ƙuraje, yana sa fata ta yi laushi kamar takarda, amma yana danne su muddin ana shafawa. “Kamar murfi ne a kan tukunya mai tafasa,” in ji ta. “Shekara tara ana dannewa, rana ɗaya aka ɗage.” Ta ce ko ba mai, manyan mata suna yin ƙuraje, musamman a haɓa, saboda sauyin da ke zuwa da jinin wata, kuma baƙin ciki da rashin barci suna hura su. Man shanun da aka lafta ya toshe ƙofofin fata, matsar da aka yi ita za ta bar ramuka. Na tambaye ta abin da ya kawo ni: ana ɗauka? Ta ce ko kwano ɗaya suke ci da yaro ba zai ɗauka ba.

Sai da ta sa aka gwada ta tabbatar ba ciki, sannan ta rubuta ƙwayoyi, ta ce a sha da ruwa mai yawa, kada a haɗa da fura ko nono a lokaci guda. Ta ba da man da za a shafa kafin kwanciya, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, da sabulu marar ƙamshi. Ta hana rana, ta hana matsa, ta hana komawa tsohon man ko da wasa. Ta ce sai an yi wata biyu zuwa uku, kuma zai fara muni kafin ya yi kyau. Balki ta share hawaye ta tambaya a hankali, “Zan koma baƙa?”

“Za ki koma yadda mahaifiyarki ta haife ki.”

A motar dawowa, muna matse a kujerar baya, ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba. Ba ita ke sayen man ba. Isufu ne ya fara kawo mata shi tsaraba tun suna amarci, ya ce matan Maradi duk shi suke shafawa. Bai taɓa ce mata ba ta da kyau ba, kawai duk tafiya sai ya kawo, in ta shafa kuma sai ta ga yana murna.

“Yaya, don Allah kada ki hwaɗa ma kowa,” ta ce. “Ba ya nan balle ya kare kanshi. Gara a ce ni ce.”

Na ce to, amma ban rantse ba.

Na sake komawa wurin liman, ya ce magani ba ado ba ne, ta shafa. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi wuya. Fuskar ta bushe, ta yi ta saɓa, sababbi suna fitowa tsofaffi ba su tafi ba. Wata rana da la'asar na dawo daga farmasi na tarar da Balki ta taka turmi tana miƙa hannu saman almuwar, tana laluben ƙunshin nan. Ta ce shafa ɗaya kawai, kwana uku fuskar za ta kwanta, a kawo mata yarinyar. Muka yi kokawa kamar muna yara, har zanenta ya kwance. Na fi ta ƙarfi. Na kwance ƙunshin, na tsince mayukan na zuba a masai, ita kuma ta zauna a ƙasa tana ce mini muguwa. Na bar ta ta faɗa, ni ma kukan nake yi.

A hankali masu ruwan suka bushe. Goshi ya fara yin sumul, haɓa ta biyo baya. Ta koma sujada ba ta jan numfashi. Launin ma ya daidaita, dabbare-dabbaren suka haɗe wuri guda, sai ga Balkin da na goya tana ƙarama. Ramuka da tabo sun rage a kumatu, amma wallahi ni kyau ta yi mini.

Ranar fita takaba aka yi wanka, aka yi kitso, aka dafa abincin sadaka. Tun safe Balki take leƙen ƙofa. Motar Korahane ta iso, Hajiya ta sauko, Sale ya sauko, matarsa ta sauko. Ba Nana. Hajiya ta zauna, ta ƙare wa fuskar Balki kallo, ta ce:

“Ƙuraje sun kwanta, na gani. Amma ku dubi yadda ta ƙone ta yi baƙi. Macen da anka kawo ma ɗana ba haka take ba. Wanga ba warkewa ba ce.”

Wato warkewar ma ta zama shaida a kanta. Nan haƙurina ya ƙare, ko Gwaggo da ƙafarta ba su iya tare ni ba.

“Hajiya, haka anka kawo ta, kin manta ne. Ni na rako ta. Ina jakar da jandarma sunka ba Sale daga wurin hatsari? Mi kunka iske ciki?”

Hajiya ta ce goro ne nata, da takalmin takwara, da wasu mayuka cikin leda.

“Ma wa ya sawo su?”

Na faɗi duk abin da likita ta ce, har kalmar nan mai wuyar faɗa. Na ce shekara tara yana kawowa, ranar da kika ƙulle su a zane ranar ciwon ya tashi, kuma ba laifinki ba ne, ba ki sani ba. Hajiya ta juya a hankali ta dubi matar Sale, don ita ce Hajiyar ta ba mayukan ledar nan, kada su lalace. Sai a lokacin kowa ya lura matar Salen ta yi wani haske da ba ta zo makoki da shi ba. Ta ja mayafi ta rufe hannuwa.

Na zaci Hajiya za ta zage ni. Sai ta dubi bayan hannunta ta ce, “Ni baƙa ce. Baƙi na haihe shi. Mi ya gani ga baƙi da bai so?” Ta yi kuka irin wanda ko ranar rasuwar ba ta yi ba. Ko abincin ba ta ci ba, ta koma Korahane ba ta ce komai game da Nana ba.

Balki kuwa ta shigo ɗaki ta same ni ina haɗa kayana, ta ce, “Kin tone shi, Yaya. Yana kwance kin tone shi.” Na koma Sabon Maci ba mu yi sallama ba. Na yi makonni ina kiranta ba ta ɗauka. Har yau ban san ko daidai na yi ba, na dai san da za a maimaita, da na sake faɗa.

Ina godiya ga liman da bai ƙuntata mana ba, da majo da ya yi tambayar da ta dace, da likitar Maradi da ta san yadda ake tambayar mace. Ina kuma da ƙorafi. Me ya sa ake tambayar mace sirrinta ƙanin miji yana tsaye? Me ya sa man da ke yin wannan ɓarna yake zube a kasuwa kusa da sabulu, mai maganinsa kuma sai an je Maradi? Ƴar'uwa, in kina shafawa, ki je ki faɗa wa likita gaskiya ya nuna miki yadda za ki rabu da shi, kada ki jira ranar da wata za ta ƙulle miki shi a zane. Ku kuma iyayenmu, in ƙuraje sun fito wa mace babba, ciwo ne kamar kowane ciwo, ba hukunci ba ne.

Gero ya fara nuna, ana shirin komawa lekwal, sai ga kiran Balki. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, “An ce za a kawo ta ran kasuwa. In kina da hali ki taho.” Na bar ɗinkin mutane a kan keke na taho.

Hajiya da kanta ta riƙo hannun Nana suka shigo, yarinyar sanye da takalmin da ubanta ya saya mata. Balki tana zaune bakin ɗaki, ta sunkuyar da kai kamar yadda uwar ƴar fari take yi gaban manya. Nana ta tsaya tsakar gida, ta dube ni, ta dubi Balki, ta sake dubana. Ba ta gane wace ce uwarta a cikinmu ba.

Sai yarinyar ta matso a hankali. Ta leƙa fuskar, ta taɓa ramukan kumatun da yatsa. Sannan ta ɗora damtsenta a jikin kuncin uwar, ta daɗe tana kallon su biyun.

“Inna,” ta ce, “ashe ke na biyo.”

Balki ta manta da Hajiya, ta manta da kunya. Ta jawo ta jikinta ta ƙanƙame, kuma karo na farko tun da ta haife ta, na ji ta kira sunanta.